Masu Shan Lofe a Turai da Amurka: Taba, Hira da Zumunci

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, inda dokokin hana shan taba suka yi tsanani har ta kai mutum ba shi da ikon kunna sigari a gidan abinci ko ofis ko jirgin ƙasa, akwai wasu mutane 'yan ƙalilan da suka riƙe shan lofe a matsayin abin sha'awa, suna kashe masa kuɗi da lokaci, suna kafa masa ƙungiyoyi, suna kuma bin tarihinsa da nau'o'in ganyensa da natsuwar mai neman ilimi. Lofe shi ne 'yar tukunyar taba mai ƙoƙo a gaba da kara mai rami a baya, wadda ake ɗura wa yankakken ganye a kunna masa wuta a riƙa zuƙa sannu a hankali. A farkon ƙarni na 20 abu ne gama-gari a bakin malamin makaranta da ma'aikacin jirgin ruwa da ɗan majalisa, amma sigari ta fara ture shi, sannan gargaɗin likitoci da dokoki suka ƙarasa, har ya zama waɗanda suka rage a kansa sun san junansu kuma suna neman junansu.

Abin da ya fi jan hankali a zaman waɗannan mutane shi ne wata tambaya da ba sa gajiya da yi wa juna, ko a kulob, ko a ɗakin zama na kantin taba, ko a wasiƙa: me kake sha yau? Amsar tana da tsari da kowa ya sani, domin mai amsawa yakan faɗi sunan haɗin tabar, sannan ya faɗi lofen da ya ɗura ta a ciki da wanda ya sassaƙa shi, sannan abin da yake kurɓa a gefe, shayi ko kofi, kafin ya gangaro kan abin da ke ransa: an tashi da ruwan sama, an yi wa maiɗakinsa aikin gwiwa, jikarsa ta fara tafiya, tsohon karensa ya daina cin abinci, gobe zai koma asibiti karɓar sakamako. Tambayar tana yin aikin da “ina gajiya” da “yaya iyali” ke yi a bakin Bahaushe, wato tana buɗe ƙofar magana tsakanin mutanen da ba lallai su iya fara hira da damuwarsu kai tsaye ba. Wanda ya saurari irin wannan zama da kyau zai ga cewa sunan tabar jimla ɗaya ce, sauran maganar duk rayuwa ce.

Al'adar tana da asali a kantunan taba na da, lokacin da mai kanti shi ne mai haɗi, yana da kwalabe jere a bayansa da ma'auni a gabansa. Alfred Dunhill, wanda ya buɗe kantinsa a titin Duke da ke Landan a 1907, ya ajiye wani babban littafi da yake rubuta haɗin kowane mai ciniki da lambarsa, ta yadda mutum zai dawo bayan shekaru ya ambaci lambar kawai a auna masa abin da ya saba. Ɗaya daga cikin waɗannan haɗe-haɗen, mai lamba 965, ya shahara har aka riƙa sayar da shi a gwangwani a faɗin duniya. A Amurka kuwa, daga tsakiyar shekarun 1960, wani mutumin Niyok mai suna Tom Dunn ya shafe kusan shekara 40 yana fitar da wata mujalla mai suna The Pipe Smoker's Ephemeris, wadda mafi yawan abin da ke cikinta wasiƙun masu karatu ne, kowa yana bayar da labarin tabar da yake sha da lofen da ya samu da halin da gidansa ke ciki. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun yi abota ta shekaru ta wannan hanya, kuma salon maganar da suka kafa shi ne ake bi har yau.

Ba za a fahimci hirarsu ba sai an san ganyen, domin abin da baƙo ke gani taba ɗaya ce, su a wurinsu dangi ne masu yawa, kuma bambancin ya fi zuwa daga yadda aka busar da ganyen fiye da irin da aka shuka. Na farko shi ne Bajiniya, wanda ake busarwa cikin kamar mako guda a rufaffiyar rumfa da zafin da ke bi ta bututu ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, abin da ke sa ya fito ruwan ɗorawa ko ja, ya kuma riƙe sukarinsa na asali. Masu sonsa sukan ce yana da ƙamshin ingirici ko na burodi, amma sukarin nan ne ke sa shi ƙuna da zafi idan aka yi masa gaggawa. Na biyu shi ne Barli, wanda farin nau'insa ya bayyana a jihar Ohayo a 1864, kuma shi a iska ake rataye shi makonni da dama har sukarinsa ya kusa ƙarewa, sai ya zama ganye mai ƙarfin nikotin, mai saurin shan duk wani ƙamshi da aka zuba masa. Akwai kuma ƙananan ganyen gabas da ake nomawa a Turkiyya da Girka da Bulgeriya da Masedoniya, waɗanda ake shanyawa a rana, masu ɗan tsami da ƙamshi mai kaifi.

Ganye biyu ne suka fi jawo doguwar magana, kuma dukansu ba a shan su su kaɗai, ana barbaɗa su ne a cikin haɗi. Latakiya ya samo sunansa daga tashar jiragen ruwa ta Siriya, kuma ganyen gabas ne da ake ratayewa watanni a saman wutar itatuwa da ƙirare masu ƙamshi har ya koma baƙi, ya ɗauki warin hayaƙi mai nauyi wanda mashayinsa ke so, mutanen gidansa kuma galibi ba sa so. Yau mafi yawan wanda ke kasuwa a tsibirin Sayifurus ake turara shi, domin na Siriya ya yi ƙaranci tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2011. Ferik kuwa a wani ɗan yanki guda na jihar Luwiziyana, gundumar San Jems da ke gaɓar kogin Misisifi, ake yin na asali. Ana cire jijiyar ganyen, a ƙulla shi dami-dami, a cusa a tsofaffin gangunan katako da aka taɓa zuba barasa a ciki, sannan a danne murfin da matsi na ƙarfe mai murɗi har ruwan ganyen ya tsattsafo baƙi ƙirin. Bayan 'yan watanni a sassauta, a fitar da shi, a warware da hannu ya sha iska, a mayar a sake dannewa, haka har shekara ta zagayo. Abin da ke fitowa ganye ne mai danshi da warin busasshen ɓaure da yajin masoro, wanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya sauya halin gwangwani guda. Kabendish, wanda shi ma ake yawan ambata, ba irin shuka ba ne, hanya ce ta turara ganye da tururi a matse shi, sau da yawa tare da sukari, har ya yi laushi ya rage kaifi.

Daga waɗannan ake fitar da manyan gidaje uku da mashaya ke jingina kansu da su. Akwai masu ƙamshi, wato haɗin da aka zuba wa banila ko ceri ko zuma ko cakulan, wanda shi ya fi kasuwa kuma shi mutanen da ke kusa suka fi haƙuri da shi, kamar Captain Black da ake samu a kantuna da yawa na Amurka. Akwai haɗin Ingilishi, wanda ya ƙunshi Bajiniya da ganyen gabas da Latakiya ba tare da wani ƙamshi na waje mai yawa ba. Akwai kuma haɗin Bajiniya da Ferik, wanda masu shi ke ganin kansu a matsayin waɗanda harshensu ya nuna. Ja-in-ja tsakanin waɗannan ɓangarori ba ya ƙarewa, kuma wani lokaci akan ji ɗan raini ga mai shan ta ƙamshi, abin da dattawan kulob ke saurin kwaɓa, domin ƙa'idar da suka fi maimaitawa ita ce kowa ya sha abin da ya yi masa. Yanka ma yana da nasa matsayi: akwai ganyen da aka yanka sirara, akwai wanda aka matse aka fere shi falle-falle, akwai curi da mutum zai yanka da wuƙarsa, akwai kuma wanda aka tufka kamar igiya, irin wanda masana'antun garin Kendal na arewacin Ingila, ciki har da Samuel Gawith mai tarihi tun 1792, suka daɗe suna yi.

Zaɓin yau da kullum yana bin lokaci da yanayi. Da safe akan nemi mai sauƙi wanda ba zai juya kai ba tun ba a karya ba, da dare kuma bayan abinci a nemi mai nauyi, kuma sunayen da kamfanin Dunhill ya ba wasu haɗe-haɗensa biyu, Early Morning Pipe da Nightcap, sun nuna wannan rabo na sassafe da na kwanciya barci. Da zafi akan karkata ga Bajiniya, da sanyi ga Latakiya. Saboda haka idan mutum ya ce yau ya buɗe gwangwanin Latakiya na farko a bana, abokansa sun gane cewa hunturu ya shigo garinsu.

Shi kansa lofen yana da tarihin da ya bi kayan da aka samu. Na farko a Turai na farin yumɓu ne, wanda aka riƙa yi a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 16, daga baya garin Gauda na ƙasar Holan ya yi fice a kansa, sai dai yana saurin karyewa kuma yana ƙona yatsa. Sai wani farin dutse mai laushi da rashin nauyi, da ake yi wa laƙabi da kumfar teku, wanda ake haƙowa a kewayen Eskishehir a Turkiyya, kuma masu shi suna alfahari da yadda yake rinewa daga fari zuwa ruwan zuma da shekarun sha. A tsakiyar ƙarni na 19 masassaƙan garin San Kulod da ke tsaunukan gabashin Faransa suka koma ga biraya, wato wani ƙullutu mai tauri da ke fitowa tsakanin saiwa da gangar wani ƙaramin itace na gaɓar Bahar Rum, a Kosika da Italiya da Girka da Aljeriya. Sai itacen ya yi shekaru da dama kafin ƙullutun ya isa, sannan a yanka shi, a dafa shi sa'o'i don fitar da ruwansa, a busar da shi watanni ko shekaru. Biraya yana jure wuta kuma yana da zanen jijiya mai kyau, shi ya sa ya mamaye kasuwa, daga kamfanoni irin su Peterson na Dablin da Savinelli na Italiya zuwa masassaƙan Denmak da suka bi sawun Sixten Ivarsson, waɗanda aikin hannunsu guda kan kai dubban daloli. A ɗaya gefen kuma akwai lofen totuwar masara, wanda Henry Tibbe ya fara yi a jihar Misuri a 1869, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mai lofe na alfarma ya ce wannan ne abokin aikinsa a lambu.

Yadda ake shan shi ne ya bambanta wannan ɗabi'a da ta sigari. Mutum yakan ɗebi ganyen ya baza a takarda ya ɗan sha iska idan ya yi danshi da yawa, sannan ya ɗura shi kashi uku: na ƙasa sakwa-sakwa, na tsakiya da ɗan dannawa, na sama da ƙarfi kaɗan, ya gwada zuƙa ya ji ko iska na wucewa. Sai ya ƙyasta ashana ya zagaya da harshen wutar a saman ganyen har ya kumbura ya yi baƙi, ya sa ɗan madanni ya lallaɓa shi ƙasa, ya sake kunnawa, kuma wannan ta biyun ce wuta ta gaskiya. Daga nan sai zuƙa ƙanana masu tazara, domin wanda ya yi sauri ƙoƙon zai yi zafi a hannunsa, ruwa ya taru a kara, harshensa ya yi ɗaci da raɗaɗi har washegari. Cikin ƙoƙo guda yakan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, alhali karan sigari minti biyar ne. Bayan an gama akan zubar da toka, a zura wata 'yar waya mai naɗin auduga a goge ramin karan, a ajiye lofen ya huta kwana ɗaya ko biyu ya bushe, abin da ke sa mai sha kullum ya tara da yawa yana juya su. Wasu ma sukan ware lofe guda ga Latakiya kaɗai, don warinsa yana maƙalewa a itacen ya ɓata ɗanɗanon duk abin da aka zuba bayansa. Wannan jinkiri shi ne abin da suka fi ambata idan aka tambaye su dalili, cewa sa'a ce guda a yini wadda ba a iya yin ta da hanzari.

Akwai kuma ajiya. Ganyen Bajiniya yana ƙara zaƙi da laushi idan ya shekara a rufaffen gwangwani ko kwalba, saboda haka mutane sukan rubuta kwanan wata a murfi su jera a kabad, su bar shi shekara biyar ko goma, kuma buɗe tsohon gwangwani labari ne da ake kai wa abokai, sau da yawa a ranar haihuwa ko ranar tunawa da wani mamaci. Amma tsoro ma yana cikin abin da ke sa ajiyar. A 2018 kamfanin McClelland na birnin Kansas, wanda ya yi suna a kan jan Bajiniya, ya rufe bayan shekara 40 yana aiki, kuma a wannan shekarar aka daina fitar da tabar lofe da sunan Dunhill, ko da yake wasu haɗe-haɗen sun dawo daga baya ƙarƙashin sunan Peterson. Ga haraji da ke hauhawa, ga dokokin da Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta faɗaɗa zuwa tabar lofe a 2016. Wanda ya ga abin da ya saba sha shekara 30 ya ɓace dare ɗaya yakan sayi na gaba da yawa, har wasu su tara abin da ya fi ƙarfin sauran kwanakinsu, su kuma yi wasiyya da shi ga abokan kulob.

Dokokin sun sauya wurin zaman ma. Ailan ta hana shan taba a rufaffun wuraren aiki a 2004, Ingila ta bi a 2007, kuma lambar yabo ta gwarzon mashayin lofe na shekara, wadda Firaministan Birtaniya Harold Wilson ya taɓa karɓa a 1965, an daina bayar da ita bayan 2003. Mashayin lofe na yau a baranda yake zama, ko a gareji da babbar riga da 'yar na'urar ɗumama ɗaki ana zuba dusar ƙanƙara a waje, shi kaɗai. Da yawansu maza ne da suka manyanta, wasu sun yi ritaya, wasu matansu sun rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa, a cikin al'ummar da maƙwabci kan yi shekara bai shiga gidan maƙwabcinsa ba. A nan ne tambayar nan ta kullum take samun nauyinta, domin wanda aka saba jin amsarsa kowace safiya, idan aka kwana uku ba a ji shi ba, za a neme shi. Sabon shiga yakan samu ƙunshin taba iri-iri kyauta daga wanda bai taɓa gani ba, wanda ya rasa aiki akan aika masa gwangwani ba tare da an faɗi sunan mai aikowa ba, kuma lofen mamaci akan wanke shi a gyara a ba wani ya ci gaba da amfani da shi. Wannan zumunci na gaske ne, kuma bai kamata a raina shi don abin da ya haɗa su hayaƙi ne ba.

Suna da ranakun haɗuwa. Ranar 20 ga Fabrairu ita ce ranar shan lofe ta duniya a wurinsu, kuma baje kolin da ake yi kowace shekara a yankin Shikago yana tara masassaƙa da masu haɗi da masu saye daga nahiyoyi da dama. Gasar da suka fi ji da ita ta jinkiri ce: kowa a ba shi lofe iri ɗaya, da giram 3 na taba, da madanni na katako, da ashana biyu, minti biyar na ɗurawa, minti ɗaya na kunnawa, daga nan ba sauran wuta, wanda nasa ya mutu ya fita. Gwanaye sun haura sa'a uku da wannan ɗan ganye.

Ƙasar Hausa ta san lofe tun da daɗewa, ko da yake ba da wannan siga ba. Taba, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, ta iso Afirka ta Yamma wajajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma tun a lokacin malamai suka saɓa a kanta, har Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya bayar da fatawar cewa ba ta cikin abubuwa masu sa maye, wasu kuma suka hana. An noma ta a fadamu, an sha ta a lofen yumɓu, an tauna garinta da kanwa, mata kuma sun goge haƙora da furenta tare da goro. Sigari ce ta kore lofe a nan ma, musamman bayan kafa masana'antar taba a Zariya a ƙarshen shekarun 1950. Amma shan taba bai taɓa zama abin tinƙaho a zauren dattawa ba, kuma da illarta ta bayyana ƙarara malamai da yawa na wannan zamani sun tsananta hukunci a kanta.

Illar nan ita ce inda maganar masu lofe ta fi rauni. Hujjar da suka fi kawowa ita ce ba sa haɗiye hayaƙin zuwa huhu, a baki kawai suke juya shi su fesar, kuma sukan ambaci rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964, wanda ya nuna mace-macen masu lofe bai kai na masu sigari ba. Gaskiya ne haɗarin bai kai na sigari ba, amma wannan ba ya nufin babu shi, kuma shi wancan rahoton ma ya danganta lofe da ciwon dajin leɓe. Nikotin yana shiga jini ta fatar baki, hayaƙin yana zama a kan harshe da dasashi na tsawon sa'a, wanda kuma ya baro sigari ya dawo lofe galibi yakan ci gaba da haɗiyewa bisa sabo. Wani babban bincike na Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka da aka buga a 2004, wanda ya bi maza fiye da 138,000 tsawon shekara 18, ya gano cewa mai shan lofe kaɗai ya ninka wanda bai taɓa shan taba ba kusan sau biyar a haɗarin mutuwa da ciwon dajin huhu, ya kuma fi shi haɗarin ciwon dajin maƙogwaro da baki da bututun abinci da hanji, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 a shekara, ba ta ware wani nau'i ta ce shi lafiyayye ne ba, kuma hayaƙin mai ƙamshin banila yana cutar da matar gida da jikoki kamar kowane hayaƙin taba.

Natsuwar da masu lofe ke nema da abotar da suka gina abubuwa ne da ɗan Adam ke buƙata, amma ganyen ba ya rangwame don an sha shi cikin ladabi. Wanda bai fara ba kada kyan itacen da daɗin hirar su ja shi, wanda kuma ya riga ya saba, ya nisanta hayaƙinsa daga iyalinsa, ya nemi taimakon likita wajen dainawa, kuma duk wani gyambo ko farin tabo a baki, ko dushewar murya, da ya wuce mako uku bai warke ba, ya kai shi asibiti ba tare da jira ba.